Lyngen, Kvænangen, Trollfjord ko Varanger: Wane Fiyod na Arewacin Norway Ya Cancanci Hutunka?

Wanda ya samu hutun mako guda da ɗan guzuri, ya ce zai je ya ga fiyod a arewacin Norway, hotuna ne za su fara ruɗa shi. A allon waya duk kamarsu ɗaya: dutse ya miƙe daga cikin ruwa, jajayen ɗakunan katako a gaɓa, wani tsuntsu yana shawagi a sama. A zahiri kuwa ba haka abin yake ba. Tsakanin Svolvær da ke yamma da Vardø da ke can kuryar gabas akwai tafiyar mota da ta haura kilomita 1,000, kuma abin da ke cika wani fiyod da rai a Nuwamba babu ko alamarsa a Yuni. Mako guda ba ya ɗaukar wuri huɗu. In an matsa ya ɗauki biyu, su ma sai maƙwabtan juna.

Fiyod kwari ne mai zurfi da ƙanƙara ta sassaƙa a cikin dutse tsawon dubban shekaru. Da ta narke, kimanin shekara 10,000 da suka wuce, sai teku ya malalo ya cike gurbin. Huɗun nan duk suna arewa da layin Aktik, inda rana ke ƙin faɗuwa a tsakiyar bazara, ta kuma ƙi fitowa a tsakiyar hunturu. Duk da haka yawancin ruwansu ba ya daskarewa, domin igiyar ruwan ɗumi da ke tasowa daga mashigin tekun Meksiko tana bin gaɓar Norway har ta kai Tekun Barents. Ita ta sa akwai kifi, kifin ya jawo tsuntsaye da manyan dabbobin ruwa, ya kuma zaunar da mutane a inda in ba don shi ba babu mai zama.

Abin da za mu auna da shi

Na farko, abin da ido zai gani: tsauni, dabbobi, da rayuwar mutanen gaɓa. Na biyu, ƙarkon abin: wata nawa yake ɗauka a shekara, kuma in ka je za ka same shi ko kuwa sai an taki sa'a? Wannan ma'auni na fi ba nauyi, don a kansa ne masu tallan yawon buɗe ido suka fi yin gum. Tsauni ba ya ƙaura, amma kifi yana ƙaura, kuma duk abin da ke cin kifi yana bin sa. Na uku kuɗi, na huɗu sauƙin zuwa, na biyar haɗari.

Akwai kuɗin da ba ruwansa da wurin da ka zaɓa. Norway ba ta cikin Tarayyar Turai amma tana cikin yankin Schengen, kuma kuɗin bizar babban mutum yuro 90 ne. Ƙasa ce mai tsada ta kowace fuska, kuma abu uku ne ke cinye aljihu: masauki, motar haya, da kujera a jirgin ruwan yawo. Mai dabara yakan kama ɗaki mai kicin, ya yi cefane a Rema 1000 ko Kiwi ko Coop, ya dafa da kansa. Dokar ƙasar ta 1957 ta ba kowa damar kafa tanti a filin da ba gona ba, muddin ya ba da tazarar mita 150 daga gida mafi kusa kuma bai wuce kwana biyu ba sai da izini. Kamun kifi da ƙugiya a teku kyauta ne, ba a neman lasisi. Da kati ake biyan kusan komai.

Musulmi zai tambayi salla da azumi a inda rana ba ta faɗuwa. A Tromsø akwai masallacin Alnor, kuma jama'arsa kan bi jadawalin Makka a watannin da rana ba ta fitowa ko ba ta faɗuwa. Abinci bai cika zama matsala ba, tunda ƙasar kifi ce, kuma a mazhabar Malikiyya abin da ke cikin teku halal ne, har ƙaguwa da jatan lande.

Lyngen

Lyngen yana gabas da birnin Tromsø, tsawonsa kimanin kilomita 82. Abin da ya fifita shi gaɓarsa ce ta yamma: jerin tsaunuka masu tsini da suka tashi kai tsaye daga bakin ruwa. Mafi tsayinsu Jiehkkevárri, mita 1,834, yana sanye da hular ƙanƙara da ba ta narkewa. A kudancin ƙasar akwai waɗanda suka fi shi tsayi, amma can mai kallo yana tsaye ne a kan tudu tun farko. A nan daga bakin teku ake ɗaga kai, shi ya sa tsayin ke cika ido. A tsakanin tsaunukan akwai kogunan ƙanƙara kusan 140, kuma mai ƙafar tafiya zai iya zuwa bakin ɗaya daga cikinsu, Steindalsbreen, ya dawo a yini guda. A hanya an kakkafa alamomi da ke nuna inda bakin ƙanƙarar yake a shekarun baya, sai mutum ya ga da idonsa yadda take ja da baya.

Ba sai ka hau tsauni za ka more shi ba. Babbar hanyar E6 tana bin gaɓar gabas, tsaunukan suna tsallake suna fuskantarka. Jirgin fito daga Lyngseidet zuwa Olderdalen yana ratsa fiyod ɗin cikin kamar minti 40, kuma kuɗinsa ɗan kaɗan ne in aka kwatanta da jiragen yawo. A ganina babu kallon da ya kai wannan araha a duk arewacin ƙasar.

Ƙabila uku ne suka haɗu a nan: Sami mazauna gaɓa, Kven da kakanninsu suka gangaro daga wajen Finland a ƙarni na 18 da na 19, sai 'yan Norway. Skibotn, can cikin fiyod ɗin, tsohuwar kasuwa ce inda masu kiwon barewar rendiya da masunta da fatake ke haɗuwa. A ƙauyen Manndalen kuma ana bikin Riddu Riđđu kowane Yuli, bikin da matasan Sami suka fara a 1991 lokacin da da yawa daga iyayensu ke ɓoye asalinsu. Sana'ar yau da kullum ita ce ƙaramin su, kiwon tumaki, da jatan landen da ake ja daga zurfin ruwan.

Ta fuskar dabbobi, gaskiya Lyngen ne na baya a cikin huɗun. Za ka ga gaggafar teku, rendiya a bazara, wani lokaci ƙananan dabbobin ruwa suna ɓullo da baya. Ba a zuwa don su. Amma ta fuskar ƙarko shi ne na gaba: tsaunukan suna nan wata goma sha biyu, daga Yuni zuwa Satumba ana tafiyar ƙafa, daga Satumba zuwa Maris ana kallon hasken arewa, wato hasken nan mai launi da ke bayyana a sararin sama da dare. Skibotn na bayan tsaunuka, ruwan sama bai cika isa can ba, shi ya sa motocin masu farautar hasken daga Tromsø kan nufi wajen in gajimare ya rufe birni.

Zuwa ba wahala. Jirgin sama daga Oslo zuwa Tromsø kusan awa 2 ne, daga nan zuwa Lyngseidet bai wuce awa 2 a mota ba in an bi ta fiton Breivikeidet zuwa Svensby. Haɗarinsa guda ne amma babba: zaftarewar dusar ƙanƙara. Kusan kowace shekara tana cin rayuka a wannan lardi, galibi masu hawa tsauni don zamiya, kuma takan rufe hanya. Baƙo bai da abin yi a kan gangare a hunturu ba tare da ɗan jagora ba, kuma shafin Varsom na hukumar ruwa da makamashi yana fitar da gargaɗi kullum.

Kvænangen da Skjervøy

Kvænangen maƙwabcin Lyngen ne ta arewa maso gabas, kuma shekaru kaɗan da suka wuce ba kowa ya san sunansa ba. Kifin herin, wanda masu sayar da kifin ƙanƙara a Najeriya ke ce wa shawa, shi ya fito da shi. Garken herin da ke haihuwa a gaɓar Norway kan nemi wuri mai zurfi ya yi hunturu, kuma tun wajen 2017 wani babban kaso nasa yake shigowa Kvænangen. A bayansa sai orka, manyan dabbobin ruwa masu baƙi da fari, da kifin wel mai doro, wanda tsawonsa kan kai mita 15.

Abin kallo ne na gaske. Orka na farauta ne a dangi: su zagaye herin, su dunƙule shi wuri guda, su riƙa dukansa da jela har ya suma, sannan su tsince ɗaya bayan ɗaya. Wel mai doro ba shi da wannan haƙurin, yakan taso daga ƙasa da baki a buɗe ya kwashi rabonsa. Duka suna taruwa kusa da jiragen su idan ana jan raga, tsuntsaye na ihu a sama.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Waɗannan dabbobi da herin kamar makiyayi ne da ciyawa: inda ta tsiro can ake sauka, ba a tambayar mai gari. Daga ƙarshen shekarun 1980 Tysfjord ne matattararsu, har aka gina sana'a a kansu, sai herin ya sauya wuri. Bayan 2010 suka ɓullo a Andfjord da fiyod-fiyod na tsibirin Kvaløya, daf da Tromsø, nan ma suka tashi. Babu wanda ya yi wa Skjervøy, garin da ke bakin Kvænangen, alkawari. Ko a shekara mai kyau, lokacin gajere ne, daga ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu, kuma ya faɗo daidai da duhu. A Tromsø rana ba ta fitowa daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. Abin da ake samu 'yan awoyi ne na shuɗin haske da tsakar rana, sai a yi kallon a cikinsu ko a haƙura.

Hanya biyu ce. Ko ka hau babban jirgi daga Tromsø, awa 2 zuwa 3 a tafi, haka a dawo, yini guda cur, kujera ta haura kurona 1,000, kuɗin Norway. Ko ka yi tafiyar kusan awa 4 ta mota ka kwana a Skjervøy, inda ƙananan kwale-kwale masu gudu ke kaiwa wurin cikin ɗan lokaci. Ta biyun ta fi, don in iska ta hana fita yau akwai gobe, sai dai ɗakuna kaɗan ne kuma suna cika da wuri. Garin kansa na masunta ne da masu sarrafa kifin salmon na kiwo. Yana da cocin katako na 1728, kuma nan jirgin masu bincike na Norway mai suna Fram ya fara tsayawa a Agusta 1896 bayan shekara uku a cikin ƙanƙarar Aktik.

Haɗarin a ruwa yake. A hunturu zafin tekun 'yan digiri ne kawai sama da daskarewa, kuma wanda ya faɗa ba shi da lokaci mai yawa. Masu kwale-kwale na ba da rigar ɗumi mai hana nutsewa, kar a raina ta. Akwai kamfanonin da ke saka mutane cikin ruwa su yi iyo kusa da orka. Ni ba zan ba wanda bai saba da ruwan sanyi wannan shawara ba, ga jirage na kai-komo cikin duhu. Mai saurin jiri ya sha magani tun kafin a tashi. Wanda kuma bazara kawai yake da ita amma ransa na kan wel, ya nufi Andenes a tsibiran Vesterålen, inda wani nau'in wel mai ƙaton kai ke zama duk shekara a wani rami mai zurfi kusa da gaɓa.

Trollfjord da Lofoten

Trollfjord shi ne ƙaramin cikinsu kuma shi ya fi suna. Tsawonsa kilomita 2 ne kacal, faɗin bakinsa kamar mita 100, bangon dutse dama da hagu. Babu hanyar mota, sai ta ruwa, galibi daga Svolvær. Jirgi ya shiga, ya juya a ƙurya, ya fito, duk cikin ƙasa da awa guda. Gaggafar teku ce tauraruwar tafiyar: faɗin fikafikanta kan kai mita 2.4, kuma masu kwale-kwale na jefa mata kifi ta sauko ta sura a gabanka. Kusan ba a kuskurenta.

Nan aka yi rikicin 1890 da 'yan arewacin Norway ba su manta ba. Kifi ya cika fiyod ɗin, masu jiragen tururi suka tare bakinsa da raga suka hana masu ƙananan kwale-kwale shiga sai sun biya, su kuwa suka far musu. Maganar ta kai majalisa, daga baya aka taƙaita su da irin wannan raga a Lofoten.

Ba wanda zai yi mako a Trollfjord, don haka zaɓen sa zaɓen tsibiran Lofoten ne gaba ɗaya, kuma a rayuwar gaɓa Lofoten ba shi da na biyu. Daga Janairu zuwa Afrilu kifin kod da ya girma a Tekun Barents yana gangarowa Vestfjord don haihuwa, masunta daga duk gaɓar ƙasar su biyo shi. Haka ake yi fiye da shekara dubu. An ruwaito cewa wajen 1120 Sarki Øystein ya sa aka gina wa masunta ɗakunan kwana a Vågan, kuma jikokin waɗannan ɗakuna su ne jajayen gidajen da baƙi ke haya yau. Kifin ana farke shi, a ɗaure jela biyu, a rataya a kan ragayar itace ba gishiri ba hayaƙi, iska da sanyi su busar da shi har zuwa Mayu ko Yuni. Mai kyan ciki Italiya yake tafiya. Kawunan kuwa, da aka shanya daban, Najeriya ce babbar kasuwarsu: okporokon da ake gani a kasuwar Sabon Gari ta Kano, da yawansa daga irin waɗannan ragayoyi ya fito. Ɗan Najeriya da ya tsaya ƙarƙashinsu a Henningsvær ko Å a watan Maris, hancinsa zai gane wurin kafin a yi masa bayani.

Matsalar ita ce kowa ya ji labari. A Yuli da Agusta hanyar E10, wadda siririya ce dama, tana cushewa da motocin kwana, wurin ajiye mota ya zama abin faɗa, ɗaki a Reine ko Nusfjord ya yi tsadar da ta fi ta ko'ina a cikin huɗun. Kuma a lokacin an riga an sauke kifin, ragayoyin fayau. Mai son ganin Lofoten na aiki ya zo a Maris. Mai son hasken dare da tafiyar ƙafa ya zo farkon Yuni ko ya jira Satumba.

Ana shiga ta filin jirgin Evenes, sannan awa 2 da rabi a mota zuwa Svolvær, ko ta fito daga Bodø zuwa Moskenes, awa 3 zuwa 4 a kan ruwan da ba ya wasa in iska ta taso. Haɗarin da ya fi kama baƙi shi ne raina tsauni: gajeru ne amma a tsaye suke, ciyawarsu na santsi bayan ruwa. A hunturu manyan jirage ba sa shiga Trollfjord saboda zaftarewar dusa daga bangon.

Varanger

Wanda ya zo Varanger da hoton Lofoten a kai zai ce an cuce shi. Babu bangon dutse. Fiyod ne mai faɗi, tsawonsa ya kusa kilomita 100, bakinsa ya buɗe gabas yana kallon Rasha, gaɓarsa shimfiɗaɗɗiya, itatuwa na raguwa har su ƙare kafin a kai Vardø. Garin Vardø ya fi Istanbul gabas. Kyan wurin na sarari ne da duwatsu masu hawa-hawa da iska ta gaigaye, musamman a ƙarshen hanyar da ta tashi daga Varangerbotn zuwa Hamningberg, kilomita 160.

Amma a dabbobi, nan ne wurin. Tsibirin Hornøya na da nisan minti 10 a kwale-kwale daga Vardø, kuma daga Maris zuwa farkon Agusta dubun-dubatar tsuntsayen teku ke sheƙa a jikinsa: fafin mai jan baki, gilemot, kitiwek da sauransu. Hanyar ƙafa na bi ta gindin dutsen, tsuntsayen na 'yan taku kaɗan daga gare ka, ba ruwansu. Ba a buƙatar sa'a ko madubin hangen nesa mai tsada, kuma kuɗin fiton bai kai na kallon wel ba. A ƙarshen hunturu wasu agwagin teku masu ado da ke haihuwa a Sibiriya suna cika tashoshin jiragen Vadsø da Kiberg, abin da ke jawo masu kallon tsuntsaye daga duk Turai a cikin tsananin sanyi. A Mayu da Yuni kuma fadamun gaɓar na cika da tsuntsun raf, wanda mazansa ke kumbura gashin wuya suna rawar neman aure. Irin wannan tsuntsu ne ke yin hunturu garke-garke a fadamar Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Chadi. Sai dai a faɗi gaskiya, adadin wasu tsuntsayen na raguwa, kuma murar tsuntsaye ta kashe dubban kitiwek a wajen Vadsø a bazarar 2023.

Sai ƙatuwar jar ƙaguwa, wadda faɗin ƙafafunta kan kai mita 1.8. Ba 'yar gida ba ce. Masanan Tarayyar Sobiyet ne suka ɗauko ta daga gabas mai nisa suka zuba a wajen Murmansk a shekarun 1960, ta bi ƙasan teku har aka fara kama ta a ruwan Norway a 1977. Tana cinye abin da ta tarar a ƙasan ruwa, amma ta ceci ƙauyuka. Mutanen Bugøynes sun kai ga buga talla a jarida a 1989 suna neman garin da zai karɓe su bayan sana'ar kifi ta mutu, yau ƙaguwar ce ke riƙe da ƙauyen. Hukuma ta raba gardama da layi: gabas da layin taswira na digiri 26 ana kamun ta da ƙayyadadden kaso, yamma da shi a kama iya iyawa don kar ta yaɗu. Baƙo ba ya kamawa da kansa, sai ta hannun kamfani mai izini, kuma wannan fita na cikin mafi tsada a yankin.

Garuruwan ba su da kwalliya, kuma akwai dalili. An yi wa Kirkenes da Vadsø da Vardø ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu, sannan sojojin Jamus da ke janyewa a 1944 suka ƙone kusan duk abin da ke tsaye daga lardin Finnmark, inda Varanger yake, har gabashin Lyngen. Bugøynes da Hamningberg na cikin 'yan ƙalilan da suka tsira da tsofaffin gidajensu. A Vardø akwai ganuwar Vardøhus ta shekarun 1730, da wurin tunawa na Steilneset da aka buɗe a 2011, doguwar rumfa a bakin teku mai taga da fitila guda ga kowane ɗaya daga mutum 91 da aka kashe bisa zargin maita a ƙarni na 17. Duk wanda ya taɓa ganin yadda zargin maita ke cin mutum a unguwa ba zai fita daga wurin da sauƙin zuciya ba.

Nisa ne cikas. Sai an sauka Kirkenes, a yi kamar kilomita 170 zuwa Vadsø, a ƙara 75 zuwa Vardø ta ramin ƙarƙashin teku, ko a hau ƙananan jiragen Widerøe. Motocin haya na jama'a kaɗan ne, ba mota babu yawo. Masauki bai kai na Lofoten tsada ba, kuma babu cunkoso. Haɗarin ba na faɗuwa ba ne, na iska ne da kaɗaici: guguwar dusa kan rufe hanya, ta Hamningberg a rufe take duk hunturu, a Yuli sauro ya addabi cikin ƙasa. Iyakar Rasha kuma ba a wasa da ita, ko taku ɗaya aka ƙetare laifi ne.

| Ma'auni | Lyngen | Kvænangen | Trollfjord da Lofoten | Varanger |
|---|---|---|---|---|
| Babban abin kallo | Tsaunuka, ƙanƙara, hasken arewa | Orka da wel | Gaggafa, ƙauyukan su, shanyar kifi | Tsuntsaye, ƙaguwa, sarari |
| Lokaci mafi kyau | Yuni zuwa Satumba. Satumba zuwa Maris don haske | Nuwamba zuwa Janairu | Maris, Yuni, Satumba | Maris zuwa Yuli |
| Ƙarko | Duk shekara | Wata 3, kuma yana iya ƙaura | Mai kyau, amma su na da lokacinsa | Tabbatacce a lokacinsa |
| Kuɗi | Matsakaici | Kujerar jirgi mai tsada | Mafi tsada a bazara | Zuwa da tsada, zama da dama |
| Sauƙin zuwa | Mafi sauƙi | Matsakaici | Matsakaici, ga cunkoso | Mafi wahala |
| Haɗari | Zaftarewar dusa | Ruwan sanyi, duhu | Santsin tsauni, iska | Guguwa, nisa |

Wa ya dace da wane

Mai zuwa karo na farko, wanda bai da tabbacin watan da hutunsa zai faɗo, ya ɗauki Lyngen ya sa Tromsø a matsayin masauki. Ko me ya faru tsaunin na nan, ga asibiti, ga masallaci, ga jirgin sama kullum. Haka ma mai tafiya da yara ko dattawa, don yawancin kallon daga tagar mota da saman jirgin fito ake yin sa.

Wanda burinsa orka, kuma hutunsa na tsakanin Nuwamba da Janairu, ya je Kvænangen, amma ya bincika inda herin ya sauka a wannan shekarar kafin ya biya kuɗin ɗaki, ya kuma ware kwana uku a Skjervøy ba ɗaya ba. Tunda hanyar ta Lyngen take bi, waɗannan biyun ne kaɗai ke haɗuwa cikin mako guda ba tare da an wahala ba. Nuwamba ya fi Disamba haske.

Mai sha'awar sana'a da kasuwanci, ko mai son ganin asalin kifin da yake saye, Lofoten a Maris. Mai neman hoton da zai aika gida, Lofoten a farkon Yuni. A tsakiyar Yuli kuwa, in ba an kama ɗaki tun watanni ba, gara a sauya shawara.

Mai son dabbobi da gaske, wanda zai iya zama awa biyu a gindin dutse yana kallo, Varanger ne nasa, kuma ni shi zan zaɓa a Yuni ko da an ba ni sauran ukun a rabin kuɗi. Mai ƙaramin aljihu da tanti ma zai fi sakewa a can ko a Lyngen.

Wanda ya kasa zaɓa, akwai jiragen gaɓa na Hurtigruten, da ke wannan zirga-zirga tun 1893, da na Havila, masu bin tashoshi 34 tsakanin Bergen da Kirkenes. Ana iya sayen guntun tafiya. A hau a Kirkenes a nufi kudu: ana tsayawa Vardø da la'asar, a wuce Skjervøy da Tromsø a daren washegari, a rana ta uku a leƙa Trollfjord in bazara ce kuma yanayi ya yarda, a sauka Svolvær da yamma. Tsayuwar kowace tasha gajera ce, ba ta isa zuwa Hornøya ko bakin ƙanƙara, don haka a ware wa Varanger kwana biyu kafin a hau, a bar wa Lofoten sauran bayan an sauka.